Yadda Ake Tantance Ciwon Damuwa Mai Daɗewa A Asibiti, Mataki-Mataki

Salamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lafiya. Tun da na yi maganar damuwar nan da ke daɗewa a jikin mutum shekara da shekaru, nas-nas da masu aiki a ƙananan asibitocin unguwa suke ta tambayata, wasu daga Aboabo wasu daga Tafo har da wata ƙanwata da ke aiki a Nima can Ankara, duk tambayar ɗaya ce: toh ya ake yi a gano ta a OPD, wato sashen ganin marasa lafiya da ba a kwantar ba, inda layi ya kai bakin ƙofa kuma minti biyar kawai gare ka? Ga yadda nake yi, kuma yadda nake koya wa ɗalibai in an turo mana su.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun yanzu. Takardar tambayoyi tara ta tantance damuwa da muka saba da ita, PHQ-9, sati biyu kawai take dubawa. Ita kuwa wannan damuwar sai ta kai shekara 2 ake kiranta mai daɗewa, kuma sau da yawa ba ta da zafi sosai, a hankali take cin mutum yana zuwa kasuwa yana dafa abinci yana zuwa masallaci amma ransa babu daɗi kullum. Saboda haka takarda kaɗai ba za ta kamo ta ba, sai ka ƙara da tambayar lokaci.

1. Haɗa kayan aiki kafin mara lafiya ya shigo

Ba wasu kaya masu tsada ba ne. Kwafin PHQ-9 (tambayoyi biyu na farkonta su ne ake kira PHQ-2), biro, kalanda, foldar mara lafiya, da kujera a wurin da na bayan labule ba zai ji ba. Takardar kyauta ce, ba a biyan kowa kuɗin izini, kuɗin fotokwafi kawai za ku kashe. In kuna ganin masu jego ku ajiye EPDS mai tambaya 10, in tsofaffi sun yi yawa akwai GDS mai tambaya 15 wadda amsarta i ko a'a ce kawai. Littafin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa shi ma ya kasance a kusa, akwai shi a waya.

Ku zauna ku da abokan aiki ku daidaita yadda za ku faɗi kowace tambaya da Hausa da Twi da Dagbani, ku rubuta, kowa ya riƙa amfani da wannan. In yau wannan nas ta fassara yadda ta ga dama gobe waccan ta canza, makin da kuka samu ba zai kwatantu ba.

Gargaɗi: kar ku fara tantancewa ba ku san inda za ku tura mutum ba. Ku nemi lambar nas ɗin ƙwaƙwalwa ta yankinku ku sa a waya, ku san ranar da sashen ƙwaƙwalwa na asibitin gundumarku yake ganin mutane, sannan ga sashen masu taɓin hankali na asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, wanda muke kira Gee, don manyan matsaloli.

2. San wanda za ka tsaya a kansa

Babu wanda zai shigo ya ce miki "Anti nas ina da ciwon damuwa". Abin da za ki ji shi ne kaina na zafi, jikina ya mutu, wani abu na yawo a jikina, zuciyata na bugawa, barci ya ƙi, ko kuma yawan tunani. Ki duba folda. Wanda ya zo sau huɗu sau biyar a shekara da ciwon kai da ciwon jiki, an gwada maleriya babu, an ba shi maganin taifot ya sha ya dawo, an ba shi maganin ƙarin jini ya dawo, wannan shi ne mutuminki na farko. Sai masu ciwon suga da hawan jini, musamman wanda awonsa ya ƙi daidaita kuma ba ya shan magani yadda aka ce, masu HIV, masu tarin fuka, masu sikila da iyayensu, masu ciki da masu jego, tsofaffin da 'ya'ya suka tafi ci-rani suka bari, da 'yan matan nan masu ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia da suka baro gida tun suna ƙanana.

3. Gyara wuri, sannan ka buɗe magana

Gaisuwa tukuna, yadda ya kamata. Hajiya ina kwana, ya gida ya yara ya kasuwa. Sannan ka nemi izini: "Mma, akwai wasu tambayoyi da muke yi wa kowa game da barci da ci da yanayin zuciya, domin suna taɓa lafiyar jiki, kuma abin da kika faɗa nan zai tsaya. In yi?" Kalmar nan "kowa" tana da amfani ƙwarai, tana cire mata tsoron cewa an ɗauke ta mahaukaciya.

Gargaɗi: ɗan rakiya ya ɗan jira a waje. Miji, uwar miji, kishiya ko ɗan cikinta kar ɗayansu ya zama tafinta. Mace ba za ta ce ta gaji da rayuwa a gaban surukarta ba, kuma in duka ake mata a gida ba za ki taɓa ji ba. Kuma dan Allah kalmar hauka kar ta fito daga bakinka ko da wasa.

4. Tambayoyi biyu na farko

A cikin sati biyun da suka wuce, kwana nawa kika ji abubuwan da kike jin daɗinsu da sun daina miki daɗi, ko ba kya sha'awar yin su? Na biyu, kwana nawa kika ji ranki a ɓace, zuciya ta yi nauyi, ko kin fid da rai? Kowace tambaya maki 0 zuwa 3 ne: babu ko ɗaya 0, 'yan kwanaki 1, fiye da rabin kwanakin 2, kusan kullum 3. Jimla 6. In ta kai 3 ka wuce zuwa cikakkiyar takardar.

Mutanenmu ba sa lissafi da "fiye da rabi", sai in nuna kalanda in ce daga waccan Juma'ar zuwa wannan, da wadda ta gabace ta, kwana 14 ke nan, a ciki nawa ne? Kuma amsar farko kusan kullum "Alhamdulillahi" ce. Wannan ladabi ne da godiya ga Allah, ba amsar tambayarka ba ce, ka ce Alhamdulillahi kai ma, ka ɗan yi shiru, sai ka sake tambaya a hankali.

Gargaɗi: a nan ne mai daɗaɗɗiyar damuwa yake zillewa. Zai iya samun 2 kacal don ya saba da yanayin har ya daina ganinsa a matsayin ciwo. In yana cikin mutanen mataki na 2, ko fuskarsa da muryarsa sun nuna maka wani abu, ka ci gaba ko da maki bai kai 3 ba.

5. Cike PHQ-9 gaba ɗaya

Sauran bakwai ɗin su ne barci (ƙaranci ko yawa), gajiya, cin abinci (ƙaranci ko yawa), ganin kai a matsayin wanda ya gaza ko ya ba iyalinsa kunya, kasa tattara hankali, sanyin jiki da magana ko kuma kasa zama wuri ɗaya har mutane su lura, sai ta tara wato tunanin gara mutuwa ko cutar da kai. Jimla 27. Daga 5 zuwa 9 mai sauƙi, 10 zuwa 14 matsakaiciya, 15 zuwa 19 ta fara tsanani, 20 zuwa sama mai tsanani. A ƙasan takardar akwai tambayar da ba a ba ta maki, wai yaya waɗannan abubuwa suka hana ka aiki da kula da gida da zama da mutane, mutane da yawa suna tsallake ta alhali tana cikin masu muhimmanci.

Ka karanta wa mutum da bakinka in bai iya karatu ba, kar ka miƙa masa takarda ka juya kana rubutu. A tambayar tattara hankali takardar tana misali da karanta jarida ko kallon talabijin, ni nakan ce kina mantuwa a lissafin ciniki, ko kina rasa raka'a nawa kika yi a sallah fiye da da?

Gargaɗi: a watan azumi barci da ci duk sun canza wa kowa, haka mai gadin dare da direban da ke kwana a hanyar Tamale, haka mai sabon jariri. Ka tambaya ko haka abin yake tun kafin azumi, in ba haka ba za ka ba mutum makin da ba nasa ba. Sannan maki ba shi ne hukuncin ciwo ba, alama ce kawai cewa a zauna a bincika.

6. Tambayar lokaci: tun yaushe?

Nan ne zuciyar aikin, nan nake so ku fi daɗewa.

Ƙa'idar da littafin DSM-5 na 2013, wato littafin tantance cututtukan ƙwaƙwalwa, ya kafa ita ce: rai a ɓace yawancin yini, a mafi yawan kwanaki, na aƙalla shekara 2 ga babba, shekara 1 ga yaro ko matashi (su yara yakan fito a matsayin saurin fushi). Tare da haka a samu aƙalla biyu cikin shida: rashin ci ko yawan ci, rashin barci ko yawan barci, kasala, raina kai, kasa tattara hankali ko kasa yanke shawara, da fid da rai. Kuma a tsawon lokacin bai taɓa samun sauƙin da ya wuce wata 2 a jere ba.

Toh amma in ka ce wa Baba "shekara nawa kana jin haka" zai ce maka ai an daɗe, shi ke nan. Sai ka ɗaure tambayar a jikin abubuwan da ba a mantawa. Layyar bana haka kake ji? Ta bara fa? Azumin da ya wuce, da wanda ya gabace shi? Lokacin zaɓen Disamba 2024 kana cikin wannan hali? Lokacin korona da aka rufe Kumasi da Ankara a 2020 fa? Ga mace, haihuwa ce kalandarta: wa kike goyo lokacin da abin ya fara, yanzu shekararsa nawa? In Layya uku a jere duk ta same shi a haka, ka san an cika shekara 2.

Sai tambayar da na fi so, wadda ta fi buɗe mutane: "Yaushe rabonki da ki ji ke ce ke, ki tashi da safe zuciyarki wasai?" Wasu sai su yi shiru su fara lissafi, wasu sai hawaye. Bayanta ka tambayi hutu, a cikin shekarun nan an taɓa samun wata biyu ko uku cur da kika ji kin dawo daidai? Ba kwana uku na biki ko suna ba, wata biyu a jere.

Bari in ba da misali da wata baiwar Allah mai sayar da koko da ƙosai, ta kusa shekara arba'in, foldarta ta yi kauri da ciwon kai da ciwon baya. Makinta 8 ne: gajiya 2, sai ɗaya-ɗaya a tambayoyi shida, ta tara kuma sifili. A takarda wannan mai sauƙi ce, a ba ta shawara ta tafi. Da na tambayi tun yaushe, ta ce tun tana goyon autanta, yaron kuma har ya shiga aji biyu a firamare. Ta ce min "ni dai haka Allah Ya yi ni, ba ni da fara'a". Na ce kafin auta fa? Ta ce a'a, da ita ce mai shirya 'yan uwa in za a je biki. Kun ga ba halinta ba ne, ciwo ne ya zauna har ya yi kama da hali, kuma duk zuwan da ta yi a baya babu wanda ya yi mata wannan tambayar, har da ni a ganinmu na farko, abin ya tsaya min a rai sosai.

Gargaɗi: wanda abin ya fara masa tun kafin shekara 21 ba shi da wani "da" da zai kwatanta, zai ce tun tasowarsa haka yake. Kar wannan ya sa ka ce hali ne. Na biyu, mai daɗaɗɗiyar damuwa yakan faɗa cikin mai tsanani a samanta, maki ya haura 15 ko 20, in an yi magani ya sauko sai a ce ya warke alhali ya koma tsohon ramin ne kawai. Ka rubuta duka biyun a folda.

7. Tambaya ta tara, ba a tsallake ta

Ko da jimlar maki 4 ce, in ta tara ba sifili ba ce sai ka tsaya. Na san nauyin bakin, mu Musulmi ne kuma mutum zai ce a'uzubillahi haramun ne. Shi ya sa nake hawa a hankali: Yaya, wani lokaci in abu ya yi wa mutum yawa yakan ji gara Allah Ya ɗauki ransa ya huta, ka taɓa jin haka? In ya ce i, ka taɓa tunanin yi da hannunka? Ka shirya yadda za ka yi? Abin yana gida? Ka taɓa gwadawa? Tambaya ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, yawanci ma sauƙi yake ji an tambaye shi.

In akwai shiri ko ya taɓa gwadawa kwanan nan, ba a barinsa shi kaɗai, ba a ce ya dawo Litinin. Ka kira babba a wurin aikin, a kira ɗan uwan da shi ya yarda da shi, a kwashe maganin ciyawa da na ƙwari da tarin ƙwayoyi daga ɗakinsa, a kai shi sashen ƙwaƙwalwa ranar tare da rakiya. Lambar gaggawa 112 ce. Ku kuma sanar da iyali cewa tun 2023 majalisar dokokin Ghana ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, don har yanzu akwai masu ɓoyewa saboda tsoron 'yan sanda. Wa'azi da faɗa a wannan lokacin rufe masa baki kawai za su yi.

8. Cire abubuwan da ke kama da ita

Jiki tukuna. Awon jini don ƙarancin jini, awon suga, gwajin HIV da izininsa, gwajin ciki in ya dace, da gwajin tayirod wato TSH, musamman mace mai kasala da jin sanyi da ƙiba da bushewar fata ko kumburin wuya. Awon jini da na suga masu araha ne kuma kusan ko'ina ana yi, na tayirod ya fi su tsada kuma ba kowane ƙaramin asibiti ke yinsa ba, don haka a fara da masu arahar.

Sai abin da yake sha. Taramol, maganin tari mai kodin, wiwi, giya, da ƙwayoyin sitiroyid irin deksametason da wasu 'yan mata ke sha don ƙiba. Ka tambaya ba tare da ɗaure fuska ba.

Sai babbar tambaya: an taɓa yin kwanaki huɗu ko sati da ba ka buƙatar barci amma ƙarfi ya yi maka yawa, surutu, kashe kuɗi ba lissafi, jin kai wani babba ne, har mutane suka ce ka canza? In i ne, wannan ciwon hawa da sauka ne da ake kira baifola, hanyarsa daban.

Gargaɗi: maganin damuwa shi kaɗai ga mai baifola yana iya tayar masa da ciwon. A tura shi. Haka wanda ke jin muryoyi. Sannan rasuwa, matar da ke cikin takaba wata huɗu da kwana goma baƙin cikinta a kan hanya yake, ka duba lafiyarta da tambaya ta tara amma kar ka yi saurin laƙaba mata ciwo. In kuma duka ne a gida, akwai ofishin DOVVSU na 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida, amma da saninta da yardarta.

9. Faɗa masa sakamako, ka rubuta

Da kalmomi masu sauƙi. "Alhaji, abin da ke damunka yana da suna, ciwon damuwa ne da ya daɗe, ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ana maganinsa kamar yadda ake na hawan jini." In ya ce yana zuwa wurin malam ana masa ruƙiyya, ni ba na hana kowa addu'a, nakan ce a ci gaba a haɗa da na asibiti, sai dai ya nuna min duk wani sassaƙe ko jiƙo da yake sha.

A folda ka sa kwanan wata, jimlar maki, makin ta tara shi kaɗai, shekarar da abin ya fara, ko an samu hutun wata 2, amsar tambayar baifola, da inda aka tura. Batun kuɗi, a ƙarshen 2024 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta saka ciwon damuwa cikin abin da katin NHIS ke ɗauka, saboda haka ka duba ko katinsa na aiki, in ya mutu a sabunta ta *929# da MoMo, wato kuɗin waya, tun yana zaune. Kuɗin mota zuwa Gee da ranar kasuwa da zai rasa su ma kuɗi ne, ka tambaye shi ranar da ta fi masa sauƙi kafin ka rubuta.

10. Magani da bibiya

Wanda ke da ikon rubuta magani shi zai yanke, amma ga abin da ya kamata kowa ya sani. Zaman tattaunawa da ƙwararre yana aiki, magani irin fuloksetin ko amitiriptilin yana aiki, kuma ga damuwar da ta daɗe sau da yawa haɗa biyun ake yi. Abin da kai za ka iya farawa yau shi ne ku zaɓi abu ɗaya ko biyu da ya daina yi ya koma musu da kaɗan-kaɗan, zuwa makarantar dare, zama da abokai bayan la'asar, tafiyar minti talatin da safe.

Gargaɗi: maganin ba ya aiki a kwana uku, yakan ɗauki sati 2 zuwa 4 kafin a fara jin canji, wani har 6, in ba ka faɗa ba zai watsar a satin farko ya ce bai karɓe shi ba. Bayan an ji sauƙi ana ci gaba wata 9 zuwa 12, kuma ba a yankewa rana ɗaya. Amitiriptilin yana da haɗari in an sha da yawa kuma bai dace da mai ciwon zuciya ba, kar a ba mai tunanin kashe kai na wata guda a hannunsa, ɗan uwa ya riƙe. 'Yan ƙasa da shekara 25 a sa musu ido sosai a makonnin farko. Yaro ƙasa da shekara 12 ba a ba shi maganin damuwa. Diyazefam kuma ba maganin damuwa ba ne, barci kawai zai sa kuma jiki ya saba da shi.

Ka ba shi ranar dawowa cikin sati biyu, mai haɗari kuwa cikin sati ɗaya ko ƙasa. Duk wata a sake cike PHQ-9 da irin kalmomin farko. Saukar maki 5 canji ne na gaske, saukar rabi na nufin magani ya kama, ƙasa da 5 shi ne inda muke so a kai. Ga wanda ya fara da 8 lambobin ba za su yi motsi sosai ba, sai ka koma ga tambayar aiki da mu'amala, ta koma zuwa biki, ya koma majalisa, abinci ya fara daɗi? In an yi sati 6 ana shan magani daidai babu wani canji, a mayar da shi wurin likita a sake dubawa.

Ka karɓi lambar waya biyu, tasa da ta wanda ya amince da shi, ka tambaya ko za a iya kira da kuma lokacin da ya dace. Masu wannan ciwon su ne suka fi ƙin dawowa don sun riga sun yanke cewa babu abin da zai canza, saboda haka ku buɗe ɗan littafi na musamman da sunayensu da ranar dawowarsu, duk Juma'a kafin a tashi mutum ɗaya ya duba wanda bai zo ba ya kira shi.